Wace firinta ce za ta fitar da hoton kala da na baƙi da fari yadda ya kamata?

"Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Daura, ina da ɗan shagon ɗaukar hoto, shekara uku ke nan. Ina ɗaukar biki da suna da fasfo, lokacin Sallar Gani kuma ina bin hawa. Duk wankin da zan yi sai na tura Katsina ko Kano, kuɗin mota da jira suna cinye ribar. Yanzu na ɗan tara abin da Allah Ya hore, ina so in sayi firinta tawa ta kaina. Mutane kuma sun fara kawo mini tsofaffin hotunan iyayensu na baƙi da fari don in sabunta musu, amma da na gwada a firintar wani abokina sai hoton ya fito da kore-kore. Wace firinta ce za ta yi mini kala mai kyau, ta kuma yi baƙi da fari na gaskiya? Allah Ya saka da alheri."

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah Ya sa wa sana'a albarka. Idan na fahimce ka, aiki uku kake so inji ɗaya ya ɗauka. Akwai aikin gaggawa, wato fasfo da ƙananan katunan biki da ake so a karɓa nan take. Akwai aikin ado, manyan hotunan ango da amarya ko na hawa da za a sa a firem a rataye a falo. Sai aikin amana, hoton mahaifin wani da ya rasu, wanda wataƙila shi kaɗai ya rage wa iyalinsa. Kowanne da irin injin da ya fi dacewa da shi. Wanda zai yanke maka hukunci a cikinsu shi ne na ukun, domin kusan duk firintar hoto ta zamanin nan tana fitar da kala mai gamsarwa, amma baƙi da fari shi ke tona asirin inji. Saboda haka daga koren nan da ka gani zan faro.

Daga ina koren ya fito?

Firintar abokinka, ina kyautata zato, irin masu tankin nan ne da ake zuba wa tawada daga kwalba, masu tawada huɗu ko shida: baƙa, shuɗiya, ja mai ruwan hoda, rawaya, wani lokaci da ƙarin shuɗiya mai haske da hoda mai haske. A cikinsu babu ruwan toka. To hoton baƙi da fari, in ka lura, baƙin cikinsa kaɗan ne, farin ma kaɗan ne. Mafi yawansa toka-toka ne hawa-hawa: fuska, inuwar rawani, bangon ƙasa, sararin sama. Injin da ba shi da tawadar toka dole ya harhaɗa ta daga shuɗi da hoda da rawaya, ɗigo-ɗigo, yana fatan su daidaita. Da zarar ɗaya ta ɗan rinjayi sauran, ko da kaɗan ne, sai hoton ya karkata. In hoda ta yi ƙasa ka ga kore, in ta yi yawa ka ga ruwan hoda a goshin dattijo. A hoton kala ido ba ya kama wannan ɗan kuskuren, domin launuka sun cika shi. A baƙi da fari babu inda zai ɓuya.

Akwai kuma wani abin da ya fi wannan ɓata rai. Tokar da aka harhaɗa daga launuka tana canza kama da canjin haske. Ka duba hoton a ƙofar shago da hantsi ka ga ya yi daidai, mai shi ya kai gida ya duba da dare ƙarƙashin farin ƙwan sola ya ga ya koma kore. Ba ka yi kuskure ba, shi ma bai yi ƙarya ba, kowace tawada ce ke amsa haske ta hanyarta. Maganin duka biyun ɗaya ne, a samu inji mai tawadar toka ta kanta. Mai toka ɗaya ya fi marar toka nesa ba kusa ba, mai toka biyu kuma shi ne na ƙwararru.

Tawadar rini da tawadar gari

Kafin in ambaci sunayen injuna sai ka san tawada iri biyu ce. Ta farko narkakkiya ce a ruwa, tana shiga jikin takarda kamar yadda baba ke shiga zare a marina. Ita nake kira tawadar rini. Launinta yana da ƙarfi, tana ƙyalli sosai a takarda mai sheƙi, tana da araha, kuma ba ta cika toshe kan firinta ba, wato sashen da ke fesa tawada a takarda. Rauninta shi ne rana da iska suna cin ta a hankali. Ta biyun, wadda masu sayarwa ke kira figiment, ƙananan ƙwayoyin gari ne da ke yawo a cikin ruwa, in ruwan ya bushe sai su zauna a saman takarda. Ka tuna tawadar allo ta gawayi da ƙaro, kusan tunanin ɗaya ne, har ma baƙar tawadar wannan iri daga sinadarin gawayi ake yin ta. Tana jure rana da danshi, kuma a kan takarda marar sheƙi tana ba da baƙi mai zurfi da ba a samu a ta rini. Amma tana da tsada, kuma in aka bar injin ya kwana biyu ba aiki garin yana iya daskarewa a bakin ƙofofin kan.

Akwai wata cibiya a Amurka ta Henry Wilhelm da ta shahara wajen gwada tsawon ran hotuna, kuma alkalumanta ne kamfanoni kan yi tutiya da su in sun ce hoto zai shekara kaza. Abin da za ka riƙe shi ne ana yin lissafin ne a kan ɗaki mai matsakaicin haske da yanayi mai sanyi-sanyi, sau da yawa hoton na bayan gilashi. Falonmu na nan akwai zafin bazara, akwai hayaƙin turaren wuta, akwai ranar da ke shigowa ta taga. Na sha ganin hoton tawadar rini da aka manna a bango ba gilashi ya koɗe cikin 'yan shekaru, alhali ɗan'uwansa da aka buga rana ɗaya yana cikin albam kamar jiya aka yi shi. Don haka duk hoton rini da za a rataye, a sa masa gilashi ko a yi masa laminatin, kuma a nisanta shi da taga.

Injunan da za ka tarar a kasuwa

Firintar ofis mai aiki da busasshiyar hoda maimakon tawadar ruwa, wadda ake buga takardun makaranta da ita, ka cire ta daga lissafi gaba ɗaya. Haka masu tanki huɗu na gida, suna iya fitar da fasfo a lallaɓa, amma fatar fuska takan fito da ɗigo-ɗigo.

Waɗanda suka cika shagunan hoto a Katsina da Kano su ne masu tanki shida na Epson: L805 da wadda ta gaje ta L8050, masu tsayawa a girman A4, sai L1800 da magajiyarta L18050 masu kai wa A3+, wato inci 13 da 19. Tawadar rini suke sha, kwalba mai mililita 70. A aikin kala ba ni da abin cewa a kansu sai yabo. Shuɗi mai haske da hoda mai haske ɗin nan su ke sa fuskar amarya ta fito sumul, sararin sama kuma ya tafi ba gargada. Masu gyaransu suna da yawa, tawadarsu tana samuwa. Sai dai dukkansu babu toka, wato in ka sayi ɗaya daga ciki za ka sake haɗuwa da koren nan da ya sa ka rubuto mini.

Sai aji na biyu, masu tanki da suka zo da toka ɗaya. A nan akwai Canon G540 da G640, masu tawada shida: baƙa, toka, shuɗiya, hoda, rawaya da ja. Girmansu A4 ne, G640 tana da sikana a samanta. Kamfanin ya ce cika ɗaya na iya fitar da katin inci 4 da 6 kimanin 3,800. Jar tawadar nan tana da amfani ga mai bin hawa, domin jan rigar dogarai da jan kayan doki launi ne da ke wahalar da injuna, yakan koma ruwan lemo ko ya dushe. Abin da za ka yi haƙuri da shi a wurinsu shi ne rashin sauri. Akwai kuma Epson L8160 mai A4 da L8180 mai A3+. Su ma tawada shida ne, amma tsarin daban: baƙa biyu, ɗaya ta gari don takarda marar sheƙi, ɗaya ta rini don mai sheƙi, sai toka, shuɗiya, hoda da rawaya. Suna da sikana, suna kuma karɓar takarda mai kauri ta baya.

Aji na uku shi ne na ƙwararru, masu katirij, wato ƙananan mazuban tawada da ake cirewa a sa sababbi in sun ƙare. Canon PRO-200 tawadar rini takwas ce, ciki har da baƙa da toka da toka mai haske. Canon PRO-300 da Epson P700, waɗanda suka fito a 2020, tawadar gari goma-goma suke ɗauka, faɗin inci 13. Yayyensu, Epson P900 da Canon PRO-1000, suna kai wa inci 17. Epson ɗin suna da wani saiti na musamman na baƙi da fari wanda ke dogara a kan baƙa da toka biyun da suke da su, ya ɗan taɓa launi kaɗan kawai don daidaitawa, kuma kai ke zaɓar ko hoton ya yi ɗumi ko sanyi. Canon PRO-300 kuma tana da wani ruwa marar launi da take shimfiɗawa a sama don ƙyallin hoton ya tafi bai ɗaya. In ana maganar baƙi da fari na gaskiya, wanda za ka ajiye gefen tsohon hoton da aka wanke a ɗakin duhu ba ka ji kunya ba, a nan yake.

Amma ka dubi cikinsu kafin ka dubi fuskarsu. Katirij ɗin PRO-300 kusan mililita 14 ne, na P700 mililita 25, na P900 mililita 50. Ka kwatanta da kwalbar mililita 70 ta masu tanki, wadda kuma ta fi araha nesa. Sannan guda goma ne, in ɗaya ta ƙare injin ya tsaya cik har sai ka samo ta, kuma ba kaya ne da za ka shiga Babbar Kasuwar Katsina ka ɗauko ba. Sau da yawa sai an yi oda daga Legas ko daga waje, da farashin da ke bin dala. Wanda ya sayi doki bai tanadi harawa ba ya san abin da nake nufi.

Akwai wani iri daban da bai shiga wannan jerin ba, mai aiki da zafi da ribon, wato siririyar leda mai ɗauke da launuka, maimakon tawadar ruwa. Takarda tana shiga tana fita sau huɗu: rawaya, hoda, shuɗi, sannan wani siririn rufi mai kare hoton. Yana fitowa a bushe, ka miƙa wa mai shi ya sa aljihu. Ƙaramin cikinsu shi ne Canon Selphy, mai fitar da girman kati cikin ƙasa da minti ɗaya, kwalin takardarsa da ribon na hoto 108 ne, ana iya sa masa batir, yana kuma da saitin jera fasfo. Babba shi ne irin DNP DS-RX1HS, wanda nadi ɗaya ke ba da kati 700 na inci 4 da 6, kowanne cikin daƙiƙa goma sha wani abu, amma iyakarsa inci 6 da 8. Waɗannan ba su san toshewar kai ba, ko wata biyu suka yi a ajiye. Sai dai baƙinsu daga launuka ukun nan ake harhaɗa shi, don haka ba su ne amsar hoton dattijai ba. Kuma ƙura maƙiyarsu ce, ƙwaya ɗaya ta hau takarda sai ta bar farin tabo.

Abin da zan yi in ni ne kai

In inji ɗaya tak kuɗinka zai saya, ka nemi mai tanki mai tawadar toka. In aljihu ya kai, L8180 nake ganin ta fi dacewa da aikin da ka lissafa, domin za ta yi maka fasfo, ta yi katin biki, ta yi babban hoton firem na inci 13 da 19, sikanarta kuma ta ɗauki tsofaffin hotunan da ake kawo maka. In bai kai ba, G640 za ta riƙe ka a A4, manyan kuma ka ci gaba da turawa Katsina kafin Allah Ya buɗa. Ina so in faɗa maka gaskiya a nan: toka ɗaya ba ta kai toka biyu ba. A wasu takardun za ka ga ɗan karkata kaɗan, sai ka zauna ka daidaita saitin. Amma tazarar da ke tsakaninta da abin da ka gani a firintar abokinka mai girma ce, kuma mafi yawan masu kawo maka aiki za su gamsu.

Daga baya, in ciniki ya kankama, ƙaramin mai ribon ne abu na biyu da za ka ƙara, don wurin biki da ranar hawa, inda mutum ke son hotonsa kafin ya bar filin. Injin tawadar gari kuwa ka bar shi sai ranar da ka ga kana da masu biyan kuɗin irin wannan aiki a kai a kai, kamar gidajen sarauta, ofisoshi, ko iyalan da ke son a adana tarihin gidansu. A wurinmu irin wannan aikin yana nan. Ƙasar da ke da hotunan zamanin Sarki Dikko da Sarki Usman Nagogo, da na ɗaliban tsohuwar Kwalejin Katsina, da na fadar Daura, ba za a rasa masu son a raya musu tsohon hoto ba. Sai dai kasuwar ce za ta nuna maka lokacin, kada ka riga ta.

Farashi ban sa maka ba da gangan, domin abin da na rubuta yau yana iya canzawa kafin sati. Lissafin da zai amfane ka shi ne na hoto ɗaya. Ka haɗa kuɗin takarda guda, da kason tawadar da ta sha, da na wadda ke tafiya a wankin kan firinta, da takardun da za su lalace a gwaji, da wuta, da ɗan abin da za ka riƙa warewa don ranar da injin zai tsufa. Ka ajiye wannan gefen abin da kake biya yanzu haɗe da kuɗin motar Daura zuwa Katsina. Za ka iya tarar da cewa in aka ba ka kati ɗari biyar na biki ɗaya, har yanzu babban ɗakin wanki ya fi maka sauƙi, ribar injinka tana wurin fasfo, da aikin gaggawa, da manyan hotuna ɗaiɗai. Shawarata ta tsaya a kan injunan da ke hawa tebur a shago irin naka. Manyan injunan ɗakin wanki da na buga allunan talla wani fage ne mai nasa lissafin.

Ƙura, zafi da wuta

Wannan ɓangaren shi ne takardar kamfani ba za ta gaya maka yadda ya shafe mu ba. Yawancin waɗannan injuna an tsara su su yi aiki tsakanin digiri 10 zuwa 35, da danshin iska da bai gaza kashi 20 cikin ɗari ba. A nan kuwa watan Afrilu yakan haura digiri 40, hunturu kuma iska takan bushe ƙasa da wancan ma'auni, ga ƙura kamar gari. Ƙofofin da tawada ke fita a kan firinta sun fi gashin kai siranta. Busasshiyar iska da zafi suna busar da tawadar a bakinsu, ƙura ta zo ta liƙe.

Na koyi wannan da tsada. Wata shekara na yi tafiya ta kusan wata guda a tsakiyar hunturu, na bar inji a shago ba rufi, ban kuma bar wa kowa amanar kunna shi ba. Da na dawo, a cikin layukan gwajin da inji ke bugawa don a ga ko kansa ya toshe, biyu sun ɗauke gaba ɗaya. Na yi ta wankin kai har tawada ta yi rabi, ɗaya ya dawo, ɗayan bai dawo ba, ga aikin bikin mutane a hannuna. Tun daga ranar na kafa wa kaina doka, kuma ita nake ba ka. Kada kwana uku su wuce ba ka buga wani abu mai ɗauke da dukkan launuka ba, ko ƙaramin kati ne. Kafin babban aiki ka fitar da gwajin layukan nan a farar takarda, in sun cika ka ci gaba, in akwai giɓi ka yi wanki ɗaya, ka jira, ka sake gwadawa. Jera wanki biyar a take yana ƙarar da tawada ne ya cika soson da ke shan ragowar. Ka ɗinka wa injin riga, ka ajiye shi nesa da ƙofa, takarda kuma ta zauna a ledarta. Da bazara ka yi manyan ayyuka da safe ko bayan la'asar.

Batun wuta kuma, ka riƙa kashe injin da maɓallinsa, domin a lokacin ne kan ke komawa mazauninsa a rufe shi. In aka ɗauke wuta yana tsakiyar aiki, kan yana tsayawa a buɗe, ga asarar takarda. Abin daɗin shi ne firintar tawada ba ta kai fankar sama cin wuta ba, ƙaramar inbata ko ɗan batirin kwamfuta mai riƙe wuta ya ishe ta. Kada ka jona ta kai tsaye da ƙaramin janareta mai hawa da sauka. Manyan masu ribon sun fi ta ci, tunda da zafi suke aiki.

In za ka saya, ka tambayi abu biyu da ba a cika tambaya ba. Na farko, akwatin da ke tara ragowar tawada, kai za ka iya canza shi? A L8050 da L8180 da G640 ana cirewa a sa sabo, a L805 da L1800 kuwa soso ne a ciki, sai an kai wa mai gyara. Na biyu, kan firintar. Na Canon an yi shi yadda mai inji zai iya cirewa ya sa wani, na Epson yana da ƙarko amma canza shi aikin mai gyara ne, kuɗinsa kuma ba kaɗan ba. Ka yi hattara da ta-hannu, musamman L805 da L1800, domin masu buga riguna da kofuna suna juya su su zuba musu wata tawada daban, in kan ya gaji su fitar kasuwa. Tawadar cike mai arha ma ka guje ta a kan injin da kake son baƙi da fari daga gare shi. Duk daidaiton tokar nan an gina shi ne a kan tawadar asali, in ka canza ta ka rushe shi.

Rabin aikin yana wajen injin

Sau da yawa akan zagi firinta alhali laifin na takarda ne ko na allon kwamfuta. Ka tsaya a kan takarda iri biyu ko uku ka san halinsu. Mai sheƙi don katin biki da fasfo. Mai ɗan sheƙi kaɗan, wadda ba ta riƙe shatin yatsa, don albam da firem. Marar sheƙi mai kauri don hotunan dattijai. Takarda mai nauyin giram 200 zuwa 260 a murabba'in mita ta wadatar a yawancin aiki. Kowace ka sa, ka gaya wa injin irinta a saiti, domin da wannan yake sanin yawan tawadar da zai zuba. Kuma launi mutum ɗaya ke jan ragamarsa: ko Photoshop ko manhajar firintar. In ka bar su biyun suna gyara a lokaci ɗaya hoton zai fito da wani launi da ba ka san daga inda ya zo ba.

In hotunanka suna fitowa da duhu, allonka ne ya cika haske. Allo fitila ne, takarda kuwa hasken ɗaki take jira. Ka rage hasken allon har farinsa ya yi kusa da farar takardar da ke hannunka. Wannan ya fi muhimmanci a wurinmu saboda fatarmu, in an yi sakaci kaɗan inuwar fuska sai ta cushe ta zama baƙi ɗaya.

Girman fayil ma ka kula. A ma'aunin ɗigo 300 a kowane inci, katin 4 da 6 yana son ɗigo 1,200 da 1,800, A4 kusan megafiksel 9, wato ɗigo miliyan 9, inci 13 da 19 kuwa kusan 22, kodayake babban hoto da ake kallo daga nesa yana yafe ƙasa da haka. Hoton da aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an matse shi, ka ce a turo maka a matsayin fayil.

Tsofaffin hotunan nan kuwa, ka goge ƙurarsu da tattausan burushi, kada ruwa ya taɓa su. Ka yi sikanin a ɗigo 600 a kowane inci ko sama in ƙarami ne za a faɗaɗa, kuma ka yi shi a saitin kala ko da hoton baƙi da fari ne, domin hakan ke ba ka damar cire rawayan tsufa da tabon danshi cikin sauƙi kafin ka mayar da shi toka. Ina roƙonka kada ka goge fuskar dattijo har ta koma ta roba. Tsagen fuska, da layukan goshi, da karyewar rawani, su ne mutumin, su 'ya'yansa ke nema. Manhajojin nan masu gyara fuska da kansu sukan ƙirƙiro ido da baki da ba nasa ba, ka duba da kyau kafin ka yarda da su. Ka mayar wa mai shi asalin hotonsa a ambulan, ka kuma ba shi fayil ɗin.

Kafin injinka ya iso, ga dabarar da za ta fisshe ka a firintar abokinka: ka ba hoton ɗan launin ƙasa-ƙasa da gangan, irin na tsofaffin hotuna. Ido yana karɓar ɗumin nan a matsayin ado, kuma yana rufe koren.

Ranar da za ka je saye, kada ka yarda da hoton gwajin da mai shago zai nuna maka, an zaɓe shi ne don ya yi kyau. Ka tafi da naka guda uku a filashi, da irin takardar da za ka riƙa aiki da ita. Ɗaya na amarya kusa-kusa, don ka ga fata da lalle. Ɗaya na hawa mai jan dogarai da koren kaya. Na ukun na baƙi da fari, dattijo da farar babbar riga mai aiki da baƙin rawani ɗan Kura. A wannan na ukun ka duba wuri biyu: shin zaren aikin wuyan rigar ya fito ko ya narke cikin fari, kuma shin naɗin rawanin yana rarrabuwa ko ya dunƙule. Ka duba shi a cikin shago, ka fita da shi rana, sannan ka tafi da shi masauki ka sake dubawa washegari, domin tawadar rini takan ɗan sauya bayan ta gama bushewa. Saboda wannan dalilin ne ma, in ka fara aiki, kada ka rufe hoto da gilashi sai ya kwana.